Walima Gwargwadon Hali: Yadda Musulmi Zai Tsara Bikinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta aure Ya haramta alfasha. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Mun zaɓi mu yi magana a kan tsara bukukuwa ne saboda kowa ya san yadda ake rububin ɗaura aure a ƙasarmu da zarar an gama kaka, da kuma watannin Rajab da Sha'aban, kowane ango yana so azumi ya riske shi da amaryarsa a ɗaki. Wannan abu ne mai kyau, muna kuwa yi wa masu niyya fatan alheri. Abin da yake damunmu shi ne abin da kan biyo baya. Magidanci ya aurar da 'yarsa cikin mako guda, ya shekara biyu yana ɓuya wa masu binsa bashi. Manomi ya sayar da gonar da ya gada domin jeren ɗaki. Saurayi mai sana'a da addini ya kai shekara 35 bai yi aure ba, ba don ya rasa abin ciyar da mata ba, sai don ya kasa haɗa akwatunan lefe. Budurwa tana zaune a gida, ga manemi ya fito, mahaifinta yana ta ɗaga rana saboda bai haɗa kuɗin gado da kujeru ba. Duk wanda ya san abin da zaman samari da 'yan mata ba aure yake haifarwa a gari, ya san ba ƙaramar magana muke yi ba.

Bari mu fara da tambayar da ya kamata duk mai shirin biki ya yi wa kansa kafin ya taɓa aljihunsa: mene ne Shari'a take nufi da walima? Malamai sun ambaci abubuwa biyu a fili. Na farko bayyana aure, domin jama'a su san wance ta zama matar wane, a rarrabe tsakanin halal da ake yi a sarari da ɓarna da ake yi a ɓoye. Na biyu godiya ga Allah ta hanyar ciyar da bayinSa. Duk abin da aka shigo da shi cikin biki, sai a auna shi da waɗannan biyu.

To, ku dubi yadda Manzon Allah (SAW) ya yi nasa, domin a nan ne ma'aunin yake. Anas ɗan Malik (RA), wanda ya yi masa hidima shekara 10, ya ba da labarin cewa bai ga ya yi wa ɗaya daga cikin matansa walima irin wadda ya yi wa Zainab 'yar Jahshi ba. Me aka yi a wannan walima da ta fi kowace girma? Akuya ɗaya aka yanka, aka ƙosar da mutane da gurasa da nama. Da ya auri Safiyya 'yar Huyayyu a kan hanyar dawowa daga Haibara, a shekara ta 7 bayan hijira, babu nama babu gurasa. An shimfiɗa ƙiraga a ƙasa, kowa ya kawo ɗan abin da ya rage masa na guzuri, wannan dabino, wancan man shanu, wancan busasshen cuku, aka cuɗa aka ci, walimar Uwar Muminai ke nan. Akwai kuma daga cikin matansa wadda aka yi wa walima da mudu biyu na sha'ir. Duk waɗannan suna cikin Sahihul Buhari, ɗalibanmu kuwa sun karanta su a babin aure.

Ku lura da abu guda, 'yan uwa. Walimomin nan ba iri ɗaya ba ne. Ranar da aka samu akuya an yanka, ranar da ba a samu ba an ci dabino. Ba a jinkirta aure don a jira wadata ba, ba a kuma aika a ciwo bashi don walimar Safiyya ta kamo ta Zainab ba. Abdurrahman ɗan Aufu (RA), da ya zo Madina ba shi da komai, ya ƙi karɓar rabin dukiyar ɗan uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Da ya samu abin hannu ya yi aure, sai Manzon Allah (SAW) ya umurce shi da ya yi walima ko da akuya ɗaya ce. Shi ɗan kasuwa ne, yana da halin akuya, aka ce ya yanka.

Akwai wani hadisi a Sahihu Muslim da muke so kowane uba ya riƙe shi da kyau. Wani sahabi ya zo yana neman taimako, ya ce ya auri wata mata daga cikin Ansaru. Da aka tambaye shi sadakin da ya yanka wa kansa, ya ce uƙiya huɗu, watau dirhami 160. Manzon Allah (SAW) ya nuna rashin jin daɗinsa, ya kwatanta abin da halin mutanen da suke sassaƙo azurfa daga jikin dutse. Alhali kuwa Nana A'isha (RA) ta faɗa mana sadakin da shi kansa yake bai wa matansa uƙiya 12 da rabi ne, dirhami 500. Yaya aka yi dirhami 500 bai zama laifi ba, 160 ya zama abin tsawatarwa? Domin shi wannan bawan Allah ya ɗauki abin da ba shi da shi, ya dawo yana roƙo. Ashe ma'aunin ba yawan kuɗin ba ne, ma'aunin shi ne halin mai bayarwa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Yanzu mu juyo gida. A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta aka tashe mu, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, watau zinariya da ta ɗan ɗara giram ɗaya, ko dirhami uku na azurfa. Sadaki haƙƙin mace ne, nata ne ita kaɗai, kuma da shi ake ɗaura aure. Amma idan aka baje lissafin aure a ƙasar Hausa, sau da yawa sadakin nan shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. Kafin a kai gare shi an wuce kuɗin na-gani-ina-so, da gaisuwar iyaye, da kayan sa rana, da lefe. Bayansa ga kamu, ga sa lalle, ga yinin biki, ga sayen baki, ga buɗar kai. A ɓangaren iyayen amarya ga kayan ɗaki, ga gara, buhunan shinkafa da jarkokin mai da alkaki da dubulan da nakiya, kamar su ne Allah Ya ɗora wa ciyar da gidan ango. Sa'an nan zamani ya ƙaro nasa: anko kala biyu ko uku, dina a ɗakin taro na haya, ranar shigar ƙauyawa, ranar shigar Larabawa, hotunan kafin aure inda saurayi zai rungumi yarinyar da ba a ɗaura masa ba, a watsa duniya ta gani a waya.

Ba mu ce duk al'ada haram ce ba, kada a tafi a faɗi abin da ba mu faɗa ba. Kyauta tsakanin surukai abu ne mai kyau, lalle ado ne halattacce ga mata, uba ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki alheri ne. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi wa Nana Faɗima (RA) nata: mayafi mai kauri, da salkar ruwa, da matashin kai. Sayyidina Aliyu kuwa sulkensa ya bayar sadaki. Inda ɓarna take shi ne al'ada ta zama farilla, wanda ya kasa a yi masa gori, a ƙirga akwatuna a gaban jama'a, a aika 'yan ganin ɗaki su dawo da rahoto, yarinya ta shiga gidan miji ana yi mata habaici da abin da mahaifinta bai iya saye ba. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, tun kafin jihadin 1804 ya keɓe wa aure babi a littafinsa Ihya'us Sunna, ya yi kashedi a kan masu cinye sadakin mata da kuma walimar da aka cuɗa da ɓarna. Fiye da shekara 200 ke nan, cutar tana nan, tufafi kawai ta sake.

A nan dole mu faɗi wata magana ko da za ta yi ɗaci. Tun daga ƙarshen shekarun 1970, albarkacin wa'azin malaman sunna irin su marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, gidaje masu yawa sun bar kiɗan kalangu da ajo da kwanan zaune, suka koma walima da wa'azi. Wannan nasara ce, mun gode wa Allah. Sai dai Shaiɗan ba ya barci. Akwai waɗanda suka kori makaɗi suka bar fariya a zaune. An kira taron walima, an gayyato malama ta yi nasiha ta minti 20, amma ankon yana nan, gasar gwala-gwalai tana nan, tulin abincin da za a zubar yana nan, bashin ma yana nan. Sauya wa abu suna ba ya sauya masa hukunci. Almubazzaranci a ƙarƙashin hijabi almubazzaranci ne, Alƙur'ani kuwa a Suratul Isra'i ya haɗa masu yin sa 'yan uwantaka da shaiɗanu.

Halin da ƙasa take ciki ma ya isa ya sa mai hankali ya yi karatun ta-natsu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar kaya ta yi tashin da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, a shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Kowa ya ɗauki alƙalami ya lissafa albashin wata nawa ne zai cika akwati ɗaya da atamfa da leshi. Gwamnatin Jihar Kano, ta hannun Hukumar Hisba, ta fara aurar da zawarawa a 2012 da ma'aurata 100, a watan Oktoba na 2023 kuwa ta aurar da 1,800 a lokaci guda. Allah Ya saka wa duk wanda ya sa hannu da alheri. Amma mu tambayi kanmu: me ya kai al'umma matsayin da aure, wanda aka taɓa ɗaurawa a zamanin Annabi (SAW) da abin da mutum ya haddace na Alƙur'ani, sai hukuma ta buɗe baitulmali kafin talaka ya same shi?

To, yaya za a tsara? Shawararmu ta farko, kuma ita ce uwar sauran, a zauna tun da wuri. Ranar da aka ba da yarinya, kafin a sa rana, waliyyan ɓangarorin biyu su haɗu su faɗa wa juna gaskiyar halinsu ba kunya. Abin da za a yi a ambata shi, abin da aka yafe a ambata shi, in da hali a rubuta. Kuma kada maza su yanke a zaure su bar mata a duhu, domin kowa ya san a cikin gida ake saƙa maganar lefe da gara. A kira uwar amarya da uwar ango da gwaggonnin da ake jin maganarsu, a fahimtar da su da lalama da hujja. Galibin iyayenmu mata ba son wahala suke yi ba, gorin dangi suke tsoro. Idan suka ji cewa ɗaya gidan ne da kansa ya ce ya yafe, nauyin ya sauka daga kansu. Saboda haka mai ƙarfi a cikin surukan biyu shi ya kamata ya fara buɗe baki. Idan talaka ya ce a rage, cewa za a yi ya gaza. Idan mai hali ya faɗa, sai a ce ya bi sunna, wasu su yi koyi.

A wannan zama a sa abubuwa bisa matsayinsu. Sadaki a gaba, a miƙa wa mai shi. Sai muhallin da za a ajiye ta da abincin watannin farko, domin ranar da 'yan biki suka watse ranar aure yake farawa. Sai gwajin lafiya, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024 domin kauce wa cututtuka irin su ƙanjamau da ciwon hanta da amosanin jini. Kuɗinsa bai kai na anko ɗaya ba, amfaninsa kuwa har jikoki. Abin da ya saura bayan waɗannan, shi ne na walima. In akuya ce a yanka, in shinkafa da wake ne a dafa, in dabino da kunun aya ne a raba.

Bashi kuwa a rufe ƙofarsa. An taɓa kawo gawar wani mutum da ake binsa 'yan dinarai kaɗan, Manzon Allah (SAW) ya ƙi yi masa salla har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. Wa yake da tabbacin zai kai ranar da zai gama biyan kuɗin kujerun da ya ɗauko? Muna kuma jan hankalin 'yan uwa mata game da gudummawar nan da ake kira biki, wadda ake rubutawa a littafi, wadda aka bai wa kuma dole ta mayar da ƙari ranar da mai bayarwa ta tashi nata. Idan kyauta ce, ba a bin kyauta. Idan rance ne, rancen da ya jawo ƙari sunansa riba. Ku tambayi malamanku kafin ku shiga.

Sai maganar gayyata. Abu Huraira (RA) ya ruwaito cewa mafi munin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Ku gwada wannan da katin gayyata da ake tsayar da masu gadi a bakin ƙofa su duba, a raba wa manyan baƙi abinci har da na tafiya gida, maƙwabci mai 'ya'ya takwas kuwa ƙamshi kawai ya ji. Wanda zai rubuta sunayen baƙinsa ya fara da dangi da maƙwabta da abokan sahu a masallaci, ya ware kason mabukata tun daga tukunya, ba ragowar da aka tattaro daga faranti ba. Ya kuma san adadin da zai iya ciyarwa ya tsaya a kai, wannan ba rowa ba ce. Abu Shu'aibu (RA) ya sa an dafa abincin mutum biyar ya gayyaci Manzon Allah (SAW), wani mutum na shida ya biyo su, da suka iso ƙofa Manzon Allah (SAW) sai da ya nemar masa izinin mai gida. Mu ma masu zuwa mu ji: wanda aka gayyata shi kaɗai kada ya cika mota da 'yan rakiya.

Lokaci ma a tsara shi. A walimar Zainab ɗin nan da muka ambata ne wasu mutane suka ci suka zauna hira, har abin ya takura wa Manzon Allah (SAW), kunya ta hana shi magana, Allah Ya saukar da aya ta 53 a Suratul Ahzab, wadda ta koya wa muminai kada su zo su zauna jiran girki, kuma in sun ci su watse. Ashe walima tana da farko tana da ƙarshe. Ina hujjar bikin kwana bakwai, baƙi su tare a gidan mutum har hatsin shekara ya ƙare? A sa taro tsakanin salla da salla. Kada a kafa rumfa a toshe hanyar jama'a, kada a saki lasifika a kan marar lafiya da mai barci, kada matasa su yi tseren motoci da babura wajen kai amarya. Rayuka nawa aka rasa a wannan wauta, gidan biki ya koma gidan makoki? Amarya kuma a tuna mata ba a ɗauke mata salla ba. Kwalliyar da za ta sa ta haɗa Azahar da La'asar da Magariba don kada ruwan alwala ya ɓata fuska, ba da ita ake shiga gidan miji da albarka ba. Liƙi kuwa, ban da fariya da wulaƙanta dukiya da ke cikinsa, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 a kansa.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya mayar da bikin 'yarsa zaman ta'aziyya, ya ce mu muka faɗa. Nana A'isha (RA) ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, da ta dawo Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta ko ba su tafi da abin nishaɗi ba, domin Ansaru mutane ne masu son nishaɗi. Ranar auren Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu (RA) yara mata suna buga duffi suna waƙe iyayensu da suka yi shahada a Badar, yana zaune bai hana ba, sai da ɗaya ta ce a cikinsu akwai Annabin da ya san abin da zai faru gobe, ya ce ta bar wannan ta koma kan abin da take faɗa. Ya gyara kalma ɗaya ya bar musu farin cikinsu. Saboda haka mata su taru a tsakaninsu, su yi ado, su yi guɗa, su yi waƙoƙin da babu batsa ko shirka, a ajiye wayoyin ɗaukar hoto, kada namiji ya shiga da sunan mai kiɗa ko mai hoto.

Kafin lokaci ya ƙure, kalma biyu a kan suna. Abin da aka shar'anta ranar bakwai shi ne a yanka, a yi wa jariri aski, a yi sadaka da azurfa daidai nauyin gashin, a raɗa masa suna mai kyau. A wurin Imamu Malik dabba ɗaya ta wadatar ko namiji ko mace, wasu malamai suka ce biyu ga namiji. Wanda bai samu ba babu laifi a kansa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a Muhtasar na Shehu Halil, littafin da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da shi, an karhanta a mayar da yankan suna walimar da ake tara mutane. Abin so a ci a gida, a yi sadaka, a aika wa maƙwabta. Ina wannan ina ankon suna da hayar kujeru, maijego kwana bakwai da haihuwa tana ta sauya kaya tana tsaye a kan baƙi? Kuɗin da za a kashe a nan a saya mata abinci mai gina jiki da magani, a kai yaro rigakafi.

Muna roƙon limamai da shugabannin rassa, duk wanda aka kira ɗaurin aure ya nemi ganin waliyyan tun kafin ranar, ya tambaye su ko sun yi zaman da muka ambata, in ba su yi ba ya zaunar da su. Masu tambaya a kan hukuncin lefe idan aka fasa aure, da kayan ɗaki idan aka rabu, su rubuto su miƙa wa 'yan agaji, za mu ɗauke su a zama na gaba in Allah Ya kai mu.